Kibiyar Shagon Tahira

A gidan suna na fara jin zancen. Wai a kasuwar garinmu, nan gefen hanyar Dawakin Tofa, akwai kwamfutar da ta san auren da zai yi albarka da wanda ba zai yi ba. Idan aka zo rubuta katin gayyata, in auren na ƙwarai ne, 'yar kibiyar nan da ke yawo a fuskar kwamfuta sai ta tsaya ta yi aikinta. In kuwa babu alheri a ciki, sai ta ɓace ɓat. Mata suna faɗa suna jinjina kai. Ni dai na ƙare ƙuruciyata ina koyarwa a firamare, na kuma ga shekarar da aka rufe rijiyar makaranta wai aljani ne ke kuka a ciki, ashe ɗan akuya ne ya faɗa. Tun daga nan ba na haɗiye magana sai na tauna. Na ce sai na gani da idona. Abin da na gani, da abin da masu abin suka ba ni daga baya, ga shi.

Shagon na Tahira ne, 'yar Malam Tasi'u, manomi mai koyarwa a Islamiyyar unguwa. Ta gama sakandare, ta yi koyon kwamfuta a Kano, ta dawo gida. Akwai wani Alhaji Fatihu da ya riƙe shaguna biyu a jere yana buga takardu, da zai koma birni sai ya sayar mata da kayan shago ɗaya yadda suke, kwamfuta da firinta da tebur, ba ta ko matsar da su ba. Ɗaya shagon kuma aka ba wani haya.

Da kaka ta yi, aka kai gero rumbu, aure ya buɗe, Tahira ba ta da lokacin shan ruwa. A cikin wannan hada-hadar aka kawo mata aikin katin Naziru mai injin casa da amaryarsa Luba. Gwaggon Luba, wato Ramlat, ita ta zauna a benci tana sa ido. Tahira ta zuba basira a katin nan: ganye kore a gefe, furanni masu ruwan gwal a sama. Launukan manhajar da take zane da ita a can ƙarshen hannun dama suke jere. Ta ja maus, ɗan abin da ake juya kibiyar da shi, da sauri za ta ɗauko ruwan gwal, sai kibiya ta ce ga garinku.

Ta girgiza maus. Ta ɗaga shi ta hura ƙasansa, ta goge da gefen hijabi. Ta zare shi ta mayar. Babu kibiya, babu labarinta. Sai da ta kashe kwamfutar ta kunna, sannan ga ta tsakiyar allo tsaf, kamar ba ita ba. Ta sake nufar ruwan gwal, ta sake ɓacewa.

Gwaggo Ramlat ta miƙe ta gyara mayafi, ta ce ita dai ta ga abin da ta gani. Dama akwai 'yar taƙaddama tsakanin gidajen biyu a kan kayan lefe, irin wadda dattawa kan kashe da goro ɗaya. Da zancen kibiya ya shiga ciki, sai taƙaddama ta yi fiffike. Aka fasa auren, kati bai ga firinta ba.

Wanda ya karɓi ɗaya shagon Kamaruddeen ne, saurayi daga Shanono, mai sayar da irin shuka da taki da maganin feshi. Ya tarar da wani allon kwamfuta manne a bango, ƙura ta rufe shi. Ya daɗe bai kula shi ba. Ranar da ya sa sola a shagon, ya ce bari ya jona ko zai samu kallon ƙwallo. Allo ya kawo haske, amma babu komai a ciki sai shuɗi fetal. Yana shirin kashewa sai ga wani ɗan abu fari ya faɗo daga gefen hagu, ya yi sama ya yi ƙasa, ya yi ta karkarwa kamar ɗan tsakon da ya rabu da uwarsa. A daidai lokacin ya ji ta cikin bango wata murya tana cewa, «Ke dai Allah ya shirye ki.»

Ya saki dariya shi kaɗai. Ya karkaɗe takin da ke rigarsa, ya zagaya ya yi sallama a ƙofar shagon.

Tahira ta amsa ba ta ɗago ba.

«Malama, ko kin yi ɓatan wata 'yar dabba? Fara ce, ƙarama, mai tsinin kai.»

Ta ɗago. Dogo ne, baƙi, da wushirya, yana ƙoƙarin haɗe fuska dariya tana ƙwace masa. Ta ce ita ba ta kiwo.

«To ta shiga gonata. Kuma a garinmu, dabbar da ta shiga gonar mutum sai mai ita ya zo da kansa.»

Ba ta je ba, kunya ta hana. Shi ya durƙusa bayan teburinta, da izininta, ya nuna mata wani kebul mai shuɗin kai da ya fita daga bayan kwamfutar ya shige wani ɗan rami a bango. Ya ce ga dukkan alamu Alhaji Fatihu ya yi haka ne don masu jiran aiki su riƙa ganin takardunsu daga can. Ita kwamfutar har yanzu tana ɗauka fuska biyu gare ta, ɗaya nan, ɗaya can. Duk lokacin da kibiya ta wuce ƙarshen dama, ba ɓacewa take ba, tsallakawa take yi. Ya ce ta daina girgizawa, ta ja maus hagu kawai, ta yi ta ja.

Ta ja. Kibiya ta leƙo daga gefe, ta dawo gida.

Tahira ta rufe baki da hannu, dariya da jin haushi suka haɗe mata. Watanni tana zargin maus, har sabo ta saya.

Ya ce maganin abin gaba ɗaya shi ne a zare kebul ɗin, yanzu ma in ta ce. Ya ɗora hannu a kai yana jira. Ta dubi kebul, ta dubi allo, ta ce a bari tukuna, tana tsakiyar aiki, kada a taɓa wani abu ya lalace. Ya ce gaskiya ne, bai kamata a yi gaggawa ba. Ya karɓi lambarta, wai saboda in dabbar ta sake ɓarna.

Aiki ya ƙare, wani ya zo, kebul yana nan.

Kullum da safe in ta buɗe shago, sai ta tura kibiya ta tsallaka, ta yi sama da ƙasa: ina kwana ke nan. In ta zagaya da'ira, ta gaji. Shi ba shi da abin turawa, sai ya ƙwanƙwasa bango da murfin kwalbar feshi, ko ya ɗauki waya.

«Mai Kibiya, barka da hantsi. Dabbarki tana gonata tun ɗazu. Ban kore ta ba, na ga alamar 'yar gidan mutunci ce.»

«Mai Gona, ka yi haƙuri da ita. Duk inda na ja ta sai ta nufi wajenka. Na rasa me ka shuka a can.»

«Iri mai kyau nake sayarwa, ke ma shaida ce. Amma yau ta zo ta tsaya a lungu shiru, ba sama ba ƙasa. Wannan kuma me take nufi?»

«Ka tambaye ta mana. Ai a gabanka take.»

Manoma suna zuwa sayen taki su tarar da shi yana murmushi da shuɗin allo, su fita suna cewa yaron nan warin magani ya fara taɓa shi.

Ba su gaya wa kowa sirrin kebul ba. Tahira ta san mahaifinta: ranar da ya ji akwai igiyar da ta ratsa bango tsakanin 'yarsa da wani saurayi, ranar za a toshe ramin. Don haka zancen kibiya ya ci gaba da yawo a gari, har mata suna zuwa daga ƙauyukan Kunci da sunayen samarin 'ya'yansu a baki. Tahira tana ce musu babu komai a ciki, amma ba ta nuna musu dalili ba. Wani lokaci Luba kan wuce ta ƙofar shagon da tallan man gyaɗar gidansu, ta kau da kai. Duk ranar da haka ta faru, kibiya ba ta tsallakawa gaisuwa.

Kamaruddeen ya fara zuwa zance ƙofar gidan Malam Tasi'u bayan la'asar. Sai dai ba shi kaɗai ba ne. Naziru, tunda aurensa ya watse, ya juyo da hankalinsa kan Tahira, yana zuwa da babur sabo da ledar kayan marmari. Malam Tasi'u ya kira 'yarsa ya ce shi ba zai yi mata dole ba, bai yi wa yayyenta ba. Amma Naziru ɗan gida ne, da ubansa suka yi karatu, gonarsu tana iyaka da tasu. Shi kuwa wannan na Shanono, kaka ɗaya ya yi a gari, ba a san tushensa ba. Tahira ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin tabarma. Inna Kulu, mahaifiyarta, ta ce ai abin ba na dogon zance ba ne, tunda ga alƙali a shagon 'yarta.

Ana cikin haka Tahira ta yi abin da masu sana'arta kan yi kullum, ya zame mata tsautsayi. Su ba sa fara kati daga farko. Tsohon aiki suke buɗewa, su goge sunaye su sa sababbi. Wata ranar da kasuwa ta yi sanyi, ta buɗe katin nan mai furannin gwal, wanda duk cikin ayyukanta babu wanda take so kamarsa. Zuciya ta raya mata ta ga yadda zai yi da sunanta. Ta goge Luba, ta rubuta Tahira. Ta nufi sunan ango za ta goge ta sa na Kamaruddeen, sai ta ji sallamar Inna Kulu a bakin ƙofa, ta kawo mata fura. Cikin ruɗewa ta kama katin gaba ɗaya ta wurga shi dama, inda ta saba ganin abubuwa suna ɓacewa.

A ɗaya gefen bangon, Kamaruddeen yana auna wa wani tsoho irin wake. Ya ɗaga kai, sai ga kati ya cika allo, kore da gwal: Naziru da Tahira.

Ya gama awon, ya ƙulle ledar, ya yi wa tsoho Allah ya ba da damina mai albarka. Sannan ya kashe allon, ya ɗauki buhun taki da babu komai a ciki ya lulluɓe shi. Ya jawo waya ya tura wa Tahira saƙo.

«Na gani. Katin ya yi kyau ƙwarai, hannunki ne. Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya.»

Tana karantawa ta gane abin da ya faru. Ta rubuta amsa ta goge, ta sake rubutawa ta goge. Me za ta ce? Cewa ita, budurwa, ta zauna tana zana katin aurenta da mutumin da ko magabatansa bai turo ba? Abin da ta iya turawa kawai shi ne:

«Ba yadda ka ɗauka ba ne, Mai Gona. Ka kunna allon.»

Bai amsa ba, bai kunna ba, bai kuma sake zuwa ƙofar gida ba. Kullum da safe tana tura kibiya ta yi sama da ƙasa a bayan buhun taki, bango shiru.

A nan ni na shigo labarin. Kulu ɗalibata ce tun tana 'yar aji ɗaya. Da na ji ta shirya zuwa shago ranar kasuwa don a rubuta sunan 'yarta da na kowane saurayi a ga wanda kibiya za ta ƙi, na ce ta biyo ta ɗauke ni. Muka tafi da ita, da Gwaggo Ramlat, wadda ba a gayyata ba amma ta ce ai ita ta fara gano abin.

Muka tarar da Tahira ta rame. Kulu ta zauna ta faɗi abin da ya kawo ta: a fara da Naziru, sannan ɗan Shanono, wanda kibiya ta tsaya a kansa shi za ta gaya wa Malam. Na zuba wa hannun yarinyar ido. Ban san komai game da kebul ba a lokacin, amma na lura ba allo take kallo ba, maus take kallo, kamar mai riƙe da wuƙa. Daga baya na fahimci abin da ke gabanta. Ja ɗaya zuwa dama a kan sunan Naziru ya isa, uwarta za ta tashi ta tafi da hukuncin da ita Tahira take so, babu wanda zai taɓa sani.

Sai ta ɗauke hannunta.

«Inna, ki gafarce ni. Kibiyar nan ba ta san komai ba. Inda na kai ta nan take zuwa.»

Ta nuna mana. Ta ja dama, ta ɓace. Ta ja hagu, ta dawo. Ta yi da katin suna, ta yi da takardar Islamiyya, ta yi da farar takarda da babu ko harafi. Ta juya wajen Gwaggo Ramlat ta ce haka ya faru ranar katin Luba, kuma ta daɗe da sanin dalili ba ta faɗa ba.

Ramlat ta ce to in ba ɓacewa take ba, ina take zuwa? Tambaya ce mai kyau, na gaya mata haka. Tahira ta nuna kebul da ɗan yatsa. Na bi shi da sandata har bakin rami, na ce wa matan su tashi mu bi sawu, Tahira kuma ta zauna ta riƙe dabbarta a can.

Kamaruddeen yana zaune a kan buhu ya yi tagumi sai ya ga tsofaffi uku sun cika masa shago. Ya zube ya gaishe mu. Na ce ba taki muka zo saya ba, ya cire mana buhun nan ya kunna abin da ke ƙarƙashi. Bai so ba, amma yaro ne mai ladabi, ya cire ya kunna. Allo ya kawo shuɗi, ga 'yar kibiya tsakiya tana sama da ƙasa, sama da ƙasa.

Kulu ta yi salati. Ramlat ta matsa har hancinta ya kusa taɓa allon.

Tahira tana jin muryoyinmu ta bango, ta san allon yana kunne, ta kuma san uwarta tana tsaye a gabansa. Da fuska da fuska ne, na tabbata da ƙasa za ta so ta tsage ta shige. Amma bango ya rufa mata asiri. Sai ga kati ya sulalo daga hagu, kore da gwal: Naziru da Luba, da kwanan watan kakar da ta wuce. Ya ɗan tsaya, ya koma. Can sai ga shi ya sake dawowa, furanni iri ɗaya, ganye iri ɗaya: Kamaruddeen da Tahira. Kibiya ta je ta tsaya a ƙarƙashin sunansa, shiru, ba sama ba ƙasa.

Yaron nan ya sha ganin yadda take sauya sunaye a tsofaffin katuna. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Ya dafe kai, ya dube mu, ya rasa inda zai sa fuskarsa, sai ya ɗauki murfin kwalbar feshi ya ƙwanƙwasa bango a hankali.

Kulu ta ja mayafi ta rufe baki. «Ka ga 'yar nema. Malama, kin ga abin da karatun bokonku ya jawo.»

Na ce ni iyakata ƙidaya da haruffa, wannan ba darasina ba ne.

Da yamma saƙonsa ya shiga wayar Tahira.

«Mai Kibiya, na yi hukunci ban ji ba'asi ba. Ki yafe mini. Na aika Shanono, Baffana yana zuwa.»

«Na yafe, Mai Gona. Amma buhun taki? Duk abin rufa na duniya?»

Malam Tasi'u da ya ji labarin kebul ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce a rufe shagon. Kafin a rufe, Kamaruddeen ya zare kebul ɗin da hannunsa, ya naɗe shi, ya sa aka toshe ramin da siminti. Ya zo zauren Malam tare da Baffansa, ya ajiye kebul a gabansa a kan buzu, ya ce ga abin da ya shiga tsakani ba da izini ba, yanzu ta ƙofa ya zo. Malam ya juya kebul ɗin a hannu, sannan ya aika Shanono aka bincika masa. Aka dawo da labarin gidan noma ne, gidan karatu, ba a taɓa jin su da abin kunya ba. Kulu kuma ta gaya masa abin da ya fi tsaya masa a rai: cewa 'yarsa tana da damar yi wa uwarta dabara ta samu abin da take so, ta ƙi.

Ya ce to, dabbar da ta saba da gona, in ba za a yi ta rigima ba, gara a haɗa ta da mai gonar.

Ita kuwa Gwaggo Ramlat, bakin da ya yaɗa zance shi ya bi gida gida yana kwashewa, ko da yake a nata labarin ita ce ta gano kebul. Tahira ta je har gida ta nemi gafarar Luba. Dattawa suka zauna a kan maganar lefe, ba a ko gama cin goro ba aka daidaita. Naziru dama zuciyarsa ba ta taɓa barin inda ta fara ba, ledar kayan marmari ta sauya hanya. Luba ta zo shago da kanta ta ce furannin gwal nata ne, kowa ya nemi nasa.

Sai Tahira ta zana sabo tun daga farar takarda: zangarniyar gero biyu sun sunkuyo sun haɗa kai, da wata 'yar farar kibiya a lungu wadda sai mai lura zai gani.

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura auren duka biyun a masallaci ɗaya, kafin saukar ruwan fari. Aka yi alkaki da nakiya, aka yi ta guɗa. Da aka kawo amarya Tahira ta yi sallama da iyaye, Malam Tasi'u ya yi musu addu'ar zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, sannan ya sa hannu ƙarƙashin buzu ya ɗauko kebul ya miƙa wa ango, ya ce yanzu halalinsa ne. Allah ya ba su zaman lafiya, ya albarkaci abin da za su shuka, amin.

Kwamfutar Tahira ba ta san auren kowa ba. Kebul ne Alhaji Fatihu ya ratsa da shi ta bango ya manta bai zare ba, kibiya kuma in ta wuce gefen dama, shagon Kamaruddeen take shiga.